Daga Taron Kano Zuwa Bagega

A shekarar 1965 masana ilimi daga ƙasashen Afirka da dama suka taru a Kano, suka aza harsashin wani shiri na koyar da kimiyya a firamare, da tallafin Amurka. Manufarsa ita ce yaro ya koya daga abin da ke gabansa: ƙasar gona, ruwan rijiya, sauro da tsiro. Sai dai irin wannan shiri a wuyan malami yake rataye. Wanda hadda kawai ya sani a kwalejin horon malamai, da wuya ya kai yara bakin kududdufi su gano alaƙarsa da zazzaɓin da ke kwantar da ƙannensu.

Tun kafin nan makarantun elementare na En'e suna da darasin tsabta da gonar makaranta, amma yawanci umarni ne ake bi: wanke hannu, share fili. Abin da taron Kano ya so ƙarawa shi ne tambaya. Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta bi wannan turba a shirinta na inganta ilimin firamare a jihohin Arewa, tare da UNICEF, inda masu horarwa suke bin malamai har azuzuwansu. A ganina nan ne aka fi kusantar gaci.

Sai ga shirin UPE a 1976. Yara suka yi ambaliya, aka shiga yaye malamai cikin gaggawa, aka kuma kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don horarwa daga nesa. Buɗe ƙofar ilimi ga ɗan talaka alheri ne babba, amma malamin da aji ya cika masa maƙil alli da allo kawai suka rage masa.

A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, har da Bagega. Talauci ne ya sa ake niƙa dutsen zinare a tsakar gida, kuma zalunci ne a ɗora wa malami laifin. Duk da haka, yadda ƙura ke bin hannu ta shiga baki darasin firamare ne, kuma wannan ƙurar tana kan tabarmar da yaran suke cin tuwo.