Jarumi Baƙar Fata a Finafinan Binciken Laifi na Amurka, 1967-1974

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a waiwayi yadda baƙar fata ya samu gurbin jarumi a finafinan binciken laifi na Amurka, tare da duba abin da wannan canji ya haifar. A irin waɗannan finafinai mai bincike shi ne ke yin tambaya, saura kuwa sai amsawa. Don haka duk wanda aka ba wannan gurbi, an ba shi iko da basira a idon 'yan kallo.

2.0 Kafin Bayyanar Jarumin

Shekaru da dama masana'antar Hollywood ba ta nuna baƙar fata sai a matsayin bara, ko wawa, ko abin tsoro. Fim ɗin The Birth of a Nation na D. W. Griffith (1915) shi ne ya fi muni ta wannan fuska. Ko Hattie McDaniel, wadda ta fara cin lambar Oscar cikin baƙaƙen fata a 1940, rawar baranya ta taka. Abin da ya sauya lamarin shi ne gwagwarmayar neman 'yanci, wadda ta kai ga dokar daidaita haƙƙin 'yan ƙasa ta 1964. Bugu da ƙari, Turawa da yawa sun ƙaura zuwa bayan gari, suka bar gidajen silima na tsakiyar birane ga baƙaƙen 'yan kallo.

3.0 Jarumai Uku

A 1967 aka fitar da In the Heat of the Night, inda Sidney Poitier ya fito a matsayin Virgil Tibbs, ɗan sandan ciki daga Philadelphia da aka kama bisa zargin kisa a wani ƙaramin gari na Mississippi, daga bisani kuma shi ne ya gano mai laifin. Da wani attajirin Bature ya mare shi, nan take ya rama. Wannan mari ya girgiza 'yan kallo, domin a kudancin Amurka an sha kashe baƙar fata a kan abin da bai kai haka ba.

Sai kuma Cotton Comes to Harlem (1970) na Ossie Davis, wanda aka gina bisa littafin Chester Himes. A nan 'yan sanda biyu ne, Coffin Ed da Grave Digger, ke aiki cikin jama'arsu ta Harlem.

Na uku shi ne Shaft (1971), wanda Gordon Parks ya ba da umarni, Richard Roundtree kuma ya fito a ciki. John Shaft mai bincike ne mai zaman kansa. Ba ya ƙarƙashin kowa, ba ya kuma neman yardar Turawa kamar yadda aka zargi jaruman Poitier da yi. Fim ɗin ya samo wa kamfanin MGM riba mai yawa a lokacin da yake cikin matsin kuɗi, Isaac Hayes kuma ya ci Oscar a 1972 saboda waƙar fim ɗin. Mata ma sun biyo baya: Tamara Dobson a Cleopatra Jones (1973), da Pam Grier a Foxy Brown (1974).

4.0 Suka

Sai dai ba a taru aka zama ɗaya ba. A 1972 Junius Griffin na ƙungiyar NAACP ya laƙaba wa waɗannan finafinai wani suna da ke nufin ci da gumin baƙar fata. Hujjarsa ita ce, an cika su da 'yan ƙwaya da kawalai da zubar da jini. Haka kuma yawancin ribar aljihun Turawa ta shiga, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Hasali ma Ernest Tidyman, marubucin da ya ƙago Shaft, Bature ne.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa sukar tana da tushe, amma ba ta shafe muhimmancin jaruman ba. Sun nuna wa yaro baƙar fata mutum irinsa yana tunani, yana tuhuma, yana kuma fita da ransa a ƙarshen labari. A shekarar 2000 aka shigar da Shaft cikin kundin finafinan tarihi na Amurka. Darasin da ke nan ga masu nazarin adabi shi ne, bai isa a tambayi wane ne jarumin labari ba. Wajibi ne a tambayi wanda ya tsara labarin, da kuma wanda ya ci moriyarsa.