Dokin Sukuwa a Ƙasar Daura: Tarihinsa da Yadda Ake Zaɓensa

Doki ya daɗe a ƙasar Daura. Labarin kafuwar sarautar ma da shi ya fara, domin a kan doki aka ce Bayajidda ya iso garin, ya nemi ruwa a rijiyar Kusugu. Shekaru aru-aru amfanin doki na yaƙi ne da na sarauta. Barga tana hannun Shamaki da yaransa, kuma abin da ake nema a lokacin shi ne ingarma mai faɗin ƙirji da zai ɗauki barde da lifidinsa ba tare da ya sare ba. Gudu yana da daraja, amma juriya ta fi shi.

Zuwan Turawa ne ya sauya wannan ma'auni. Bayan sun maido da Sarki Musa daga Zango zuwa gadon Daura a 1906, yaƙe-yaƙe suka ƙare, doki ya koma na hawan Sallah da na Gani, da kilisar yamma. Turawan kuma suka shigo da tsere mai ƙa'ida, a fili mai zagaye da nisa ƙayyadadde, irin filin sukuwa na Kano da na Kaduna. Maƙwabciyar Daura, wato Katsina, ita ta fi rungumar abin. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya ziyarci Ingila a 1921, ya kafa wasan folo a garinsa, ɗansa Usman Nagogo kuwa ya kai matakin ƙwarewa na 7 a wasan, matakin da ya sa aka san shi har ƙasashen waje. Daga nan sha'awar doki mai gudu ta bazu cikin gidajen sarauta da na attajirai, har ta kai ga matasan da ba su gaji sarauta ba.

A nan ne dokin ado da dokin sukuwa suka raba hanya. Na ado ana son sa da tsayi da ƙiba da taƙama, a duba launinsa, kili ne ko akawal ko danda ko hurde, don ya dace da kayan da za a ɗaura masa ranar Hawan Magajiya. Masu sukuwa ba ruwansu da launi. Da yawa daga cikin sababbin shiga a nan suke yin asara, su sayi dokin da ya ƙayatar da ido a wurin hawa, a kai shi fili ya kasa gama zagaye ɗaya.

A yau ana raba dawakin tsere aji-aji. Akwai ɗan Arewa, dokin gida, wanda ba shi da tsayi sosai amma ya saba da zafi da ƙura da abincin ƙasar. Akwai ɗan Sudan mai dogayen ƙafafu, da Talon mai gaurayen jini, sai kuma tsantsar jinin Ingila wanda kuɗinsa da hidimarsa sai manya. Tun da kowane aji da tserensa, mai ɗan Arewa ba zai kara da mai ɗan Sudan ba, don haka babu dalilin da zai sa mai sha'awa ya ci bashi ya sayi abin da ba zai iya riƙewa ba. Ga wanda sukuwa ba sana'arsa ba ce, ɗan Arewa lafiyayye ya fi.

Daura ta yi dace da zama a bakin iyaka. Dawaki suna shigowa daga ƙasar Damagaram, kasuwar Mai'aduwa tana ci ranar Lahadi, ta Maigatari a Jigawa ranar Alhamis. Wanda ya san doki idan ya shiga kasuwa ba ya sauraron kirarin dillali, domin dokin mai baki ya fi gudu. Bakin dokin yake fara buɗewa ya ga haƙora, tun da sai doki ya kai wajen shekara 5 yake gama famfara. Sai ya tsuguna ya shafa ƙafafun gaba daga gwiwa zuwa kofato, yana lalube ko akwai kumburi ko zafi a jijiya, ya ɗaga kofaton ya duba tsagewa. Daga nan a ja dokin ya yi sassarfa a ƙasa mai tauri, inda ɗingishi ba ya ɓuya. A ƙarshe a sukwane shi, a tsaya a saurari numfashinsa, a ga tsawon lokacin da hakinsa zai ɗauka kafin ya lafa. Ana kuma gwada bakinsa da linzami, saboda dokin da ba ya jin birki haɗari ne ga sabon mahayi komai gudunsa.

Kuɗin saye shi ne ƙaramin nauyi. Gero da dusa da harawa da kanwa kullum ne, kuma harawa tana tsada da bazara, shi ya sa masu dawaki suke tara ta tun kaka. Ga ladan yaron doki, ga likitan dabbobi, ga motar da za ta kai shi Katsina ko Kano ranar gasa. Tsofaffin masu barga sukan shawarci sabon shiga ya lissafa abincin shekara guda kafin ya taya doki.