Kitsen da aka yi wa kuɗin goro

Kamar yadda ƙarfe ke yin tsatsa, haka iskar oksijin ke cin kitsen jikinmu, har da wanda ke bangon ƙwayoyin halitta. A shekarun 1980 wannan kitse mai tsatsa ba shi da suna mai kyau ko kaɗan. Daniel Steinberg da abokan aikinsa a Amurka sun ɗora masa laifin toshewar jijiyoyin jini, kuma maƙalarsu ta 1989 ta karɓu sosai. Ba ƙarya suka yi ba, sai dai an yi wa kitsen kuɗin goro.

A 2002 Valery Bochkov da Norbert Leitinger, a birnin Vienna na Ostiriya, suka yi wa ɓeraye allurar gubar bakteriya da ta isa ta kashe su. Waɗanda aka haɗa musu da wani kitse mai tsatsa da ake kira OxPAPC sun fi tsira. Ashe kitsen yana tare furotin ɗin da ke kai gubar wurin garkuwar jiki, sai kumburin bai tashi da ƙarfi ba.

To ina huhu ya shigo? Tsakanin jini da iskar da ka shaƙa, shimfiɗa ce siririya ta ƙwayoyin halitta. Idan kumburi ya tsananta sai su rabu da juna, ruwa ya kwarara cikin huhu, numfashi ya gagara. A 2004 Konstantin Birukov ya nuna cewa OxPAPC kaɗan yana sa ƙwayoyin jijiyoyin huhun mutum su ƙara manne wa juna, gibin ya rufe. A 2017 ɗakin bincikensa ya gano cewa kitsen yana sa ƙwayoyin su samar da lipoksin A4, sinadarin kwantar da kumburi da Serhan da Hamberg da Samuelsson suka gano a Suwidin tun 1984. Ni dai wannan ya fi burge ni: ɓarnar da kanta ke kiran mai gyara.

Amma fa kada a zaƙe. A 2008 wani bincike ya kama irin wannan kitse yana rura kumburin huhu a cutar murar tsuntsaye. OxPAPC gauraye ne: ƙwayoyin da suka riƙe doguwar jelarsu su ke ƙarfafa bango, waɗanda jelarsu ta guntule su ke huda shi, kuma idan ya yi yawa ɓarna ke rinjaye. Galibin gwaje-gwajen nan a jikin ɓeraye da kwanon ɗakin bincike aka yi su, ba a gadon asibiti ba.