Amanar Fatake da Tarbiyyar 'Ya'yan Zango

'Yan uwa mazauna Oforikrom, Ayigya, Aboabo, Asawase da sauran unguwanninmu na Kumasi.

Kusan duk ƙarar da ake kawowa zauren dattawa a kan yaro, da magana ɗaya uba yake rufe ta: "Na doke shi har na gaji, ya ƙi ji." Mu da aikinmu shi ne zama a gefen tabarma muna rubuta abin da manya suka yanke, mun daɗe muna tambayar kanmu: da me magabatanmu suka riƙe 'ya'yansu a ƙasar da ba su da gona, ba su da dangi? Amsar tana cikin tarihin zangon kansa.

Asalin zango masaukin ayari ne. Fatake daga Kano da Katsina sukan yi watanni a hanya da kanwa da tufafi da fatu zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, su koma da goron dazuzzukan Asante. Da Baturen Ingila Bowdich ya zo Kumasi a 1817, ya tarar da malamai Musulmi a fadar Asantehene Osei Bonsu ana girmama su saboda alƙalaminsu. A 1874 Turawa suka ƙone Kumasi, Salaga ta fita daga hannun Asante. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, mutanenta suka bazu. Bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 da isowar jirgin ƙasa daga Sekondi a 1903, zangon Kumasi ya cika ya batse.

Wannan ciniki duka a kan amana ya tsaya. Baƙo zai sauka gidan maigida, ya danƙa masa kayansa da kuɗinsa. Maigida ya nemo mai saye, ya tsaya wa bashi, ya karɓi la'adarsa. Idan aka ci amanar baƙo guda, labarin zai bi ayari har Kano, gidan kuma ya mutu. Saboda haka tun yaro yana ƙarami ake sa shi cikin aikin. Shi ke ƙirga goro ƙwarya-ƙwarya, ɗari-ɗari, ya yayyafa masa ruwa, ya sake masa ganye, ya tsince ruɓaɓɓe kada ya lalata huhu. In ya tasa, a aike shi da kuɗin da ya fi ƙarfin aljihun ubansa. Ko a kasuwa "ɗan gidan wane" ake ce masa. Bulala tana nan, ba mu musanta ba, amma a baya take zuwa. Abin da ya hana yaron nan sata shi ne sanin cewa yana da suna, kuma sunan yana da tsada.

Makarantar allo ma haka ta gina shi. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna Salaga, ya koma Kete Krachi har rasuwarsa a 1934, ya rubuta littafi a kan tsara wasiƙa, almajiransa kuma suka bazu a zangunan ƙasar nan. Yaron da ya iya rubuta wa dattijo wasiƙa yana jin kansa mutum ne a cikin mutane.

To, ina aka kwana? A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako 2 su bar Ghana. Gidaje suka watse, har da na waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. Waɗanda suka saura suka koyi sunkuyar da kai. Mu ma da namu laifin: mun daɗe muna hana yara boko don tsoron makarantun mishan, kafin a kafa sashen ilimin Musulunci a hukumar ilimi ta ƙasa a 1987. Aikin maigida ya ja baya, ba mu ba yaro wata amanar a madadinsa ba. Sannu a hankali "ɗan zango" ya zama kalmar gori a bakin wasu.

Yaron da aka ce masa baƙo a garin da aka binne kakansa, ya dawo gida a ce masa ɗan iska, zai yanke cewa ba shi da abin asara. Irinsa ne ɗan siyasa ke saya da 'yan sidi kaɗan lokacin zaɓe. Majalisa ta haramta ƙungiyoyin bangar siyasa a 2019, amma doka ba ta shiga ɗakin uwa ta gaya wa ɗanta darajarsa. Jami'ar KNUST, da ta soma a 1952, a cikin gundumarmu take. 'Ya'yanmu nawa ne ke wuce ƙofarta kullum ba su taɓa jin wani babba ya ce musu su ma wurinsu ne ba?

Shawararmu ga iyaye da malamai ita ce mu koma ga hanyar maigida. A ba saurayi mabuɗin masallaci. A ba budurwa littafin adashin mata ta riƙe. A kira yaro da sunansa na yanka, a yi masa faɗa a ɗaki, a yabe shi a zaure. A zaunar da shi a gaya masa wane ne kakansa, daga ina ya taso, me ya sa ake ba shi bashi ba takarda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma sai an shayar da shi ba zai karye a hannu ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da Ghana lafiya. Amin.