Maharba da Gonaki a Damargu

'Yan'uwa, kafin gero ya cika ƙasar nan tamu, daji ne na jimina da barewa. Kakanninmu sun ga fatake suna ɗaukar gashin jimina daga Damargu zuwa Tarabulus. A lokacin maharbi mutum ne mai daraja, kuma babu mai ce masa ya taka gonar wani, domin dajin ya fi gonakin yawa.

Da mutane suka ƙaru, saran daji ya yi ta hawa arewa, har ya wuce iyakar noma da dokar 1961 ta shata. Inda uba ya bi sawun barewa, ɗa ya tarar da wake. Daga nan rigima ta soma: a shiga gona da karnuka kafin a kwashe amfani, ko a sa wuta don korar zomo ta cinye karan mutum da rumbunsa. Mai gona ya fito da sanda, maharbi kuwa da bindiga a kafaɗa. Mun san wanda ya fi shan wuya.

A 1974 gwamnati ta hana farauta, amma fari da mafarauta masu motoci sun riga sun ƙarar da naman. Dokar filayen karkara ta 1993 ta ce a fara kai ƙarar gona wurin sarakuna don sulhu, ta 1998 kuma ta sa sai da takardar izini ake farauta. Mu a Belbeji, wurin mai gari muke fara zuwa, kafin jandarma.