Wasannin Japan Da Suka Wuce Mu A Hanya

"Malam, kuɗina na guda ɗaya ne, wanne zan saya?" Tambayar da wani matashi ɗan Maraɗi mai aikin gini a nan Sabha ya yi mini ke nan, ya miƙo mini wayarsa cike da sunayen tsofaffin wasannin Japan, irin masu dogon labari. Ya gaji da gem ɗin ƙwallo, dare kuma a garin nan ba na yawo ba ne ga baƙo. Kafin in ba shi amsa sai da na yi masa tarihi, don shi bai san dalilin da ya sa mu da muka girme shi ba mu taso da waɗannan wasanni ba.

Ga wanda bai san irinsu ba, ya ɗauka Ruwan Bagaja ne aka mayar gem. Kai ne Alhaji Imam, ka bar gida, ka shiga gari ka fita gari, ka yi magana da mutane, ka sayi makami, ka yi faɗa da dodanni, ƙarfinka yana ƙaruwa har ka kai ga abin da ka fito nema. Ba Japanawa suka ƙago shi ba. Daga wasannin kwamfuta na Amurka, Wizardry da Ultima, Yuji Horii ya ɗauko tsarin, ya sauƙaƙa shi yadda yaro zai iya. A watan Mayun 1986 kamfanin Enix ya fitar da Dragon Quest a kan injin Famicom, da zanen Akira Toriyama mai Dragon Ball. A Disambar 1987 kamfanin Square ya biyo baya da Final Fantasy. Ranar da Dragon Quest na uku ya fito a 1988, ɗalibai gudu suka riƙa yi daga makaranta suna bin layi.

To, me ya hana abin isowa nan? Da farko harshe. Wasan ƙwallo ko Mario ba ya buƙatar karatu, amma wannan rabinsa rubutu ne, da Japananci ko Turanci. A shekarar da Dragon Quest ya fito, jiragen Amurka suka kai hari Tarabulus da Bangazi, gwamnatin Gaddafi kuma ta cire Turanci daga makarantu na tsawon shekaru. Daga 1992 zuwa 1999 ga takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya da ya hana jirage zirga-zirga. Abin dariya, daga baya yaran Sabha sun kalli katun ɗin Dai al-Shuja da Larabci a tashar Spacetoon, da yawansu ba su san cewa daga Dragon Quest aka ciro shi ba.

A Kano da Maraɗi matsalar ta kaya ce. Injinan da suka cika kasuwa na jabu ne, da kaset mai ɗauke da alƙawarin wasanni dubbai alhali Mario ne da Contra da harbin agwagwa ake ta maimaitawa. Dogon wasa yana son ƙaramin batir a cikin kaset don ya tuna inda ka tsaya, na jabu kuwa ba su da shi. Da PlayStation ta zo, a gidan gem yawancinmu muka san ta, inda ake biyan kuɗi wasa-wasa, wasu na tsaye a kanka suna jiran hannu. Wa zai ba ka awa arba'in? Ga ɗaukewar wuta. Ko Turai ma an yi mata rowa: Final Fantasy na bakwai, a 1997, shi ne na farko a jerin da aka sayar can, Dragon Quest sai 2006, Chrono Trigger sai 2009.

Wannan rashin ya yi mana wata rana. Ba'amurke ko Bajapane idan yana yabon tsohon gem, rabin yabon ƙuruciyarsa yake yi wa. Mu ba mu da wannan kewar, don haka da idon yau za mu auna.

Da wannan ido, Dragon Quest na farko da Final Fantasy na farko a bar wa masu binciken tarihi. Labarin kaɗan ne, sai kai-komo na awoyi kana kashe ƙananan dodanni don tara kuɗin takobi. Mutumin da ya yini yana ɗaukar bulo ba ya buƙatar wani aikin leburancin da daddare.

Final Fantasy na bakwai ya fi wuyar yanke wa hukunci. Mutanen cikinsa yanzu kamar an haɗa su da kwali, fassarar Turancinsa ta farko cike take da kurakurai, kuma kana cikin tafiya sai allo ya juye faɗa ya same ka ba dalili. Amma labarin: wani kamfani mai suna Shinra yana zuƙe ran ƙasa yana mayar da shi wutar lantarki, talakawa suna zaune ƙarƙashin birnin ba sa ganin rana. Wanda ya taɓa bin layin mai a Sabha, alhali rijiyoyin Sharara, mafi girma a Libiya, suna nan cikin Fezzan, ba sai an yi masa fassara ba. A Disambar 2018 mutanen yankin nan sun rufe rijiyoyin saboda irin wannan kukan. Duk da haka ba da shi zan ce a fara ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai Dragon Quest na biyar ne, na 1992. Kana fara shi kana yaro ɗan shekara shida a bayan mahaifinka. A kashe uban a gabanka, a kai ka bauta shekara goma kana fasa dutse, ka gudu, ka yi aure, ka haihu, sannan a mayar da kai gunki, a yi gwanjonka ga wani attajiri, ka yi shekara takwas a tsakar gidansa kana kallon ɗan wani yana girma, har 'ya'yanka su zo nemanka. A Afrilun 2017 hukumar ƙaura ta duniya ta ba da rahoton ana sayar da 'yan ci-rani a wannan garin da muke zaune. Na gaya wa matashin nan labarin, ya yi shiru, ya ce shi tun da ya baro Agadas bai ga ɗansa ba sai a hoto. Na ce masa ya ajiye wannan tukuna.

Chrono Trigger na 1995 na zaɓa masa. Horii da Toriyama da Hironobu Sakaguchi, uban Final Fantasy, suka haɗa hannu a kansa. Cikin awa ashirin da 'yan kai ana gama shi, dodo kana ganinsa kafin ya taɓa ka, Turancinsa gajere ne, kuma abin da ka shuka a zamanin da kana tarar da shi ya tsiro bayan shekara ɗari huɗu. Akwai tsafi da aljanu a ciki, amma ba su wuce na Gandoki ba.

Shi ya saya. Yanzu duk Juma'a bayan masallaci yana zuwa da wata 'yar takardar siminti da ya rubuta kalmomin da suka gagare shi, mu zauna mu fassara. Makon jiya goma sha ɗaya ne, wannan makon huɗu.