Yadda Turawa ke kiran abin da ke gaba

Duk wanda ya yi lakwal ya san Faransanci na da kalmomi biyu, futur da avenir, waɗanda mu kan fassara da "nan gaba". To, asalinsu ba ɗaya ba ne.

Futur daga harshen Latin ta fito, futurus, ma'ana "abin da zai kasance". Daga nan mutanen Sifen, Italiya da Fotugal suka samu futuro. Ingilishi kuwa ya ari future daga Faransanci a ƙarni na 14.

Ita avenir haɗi ce na à da venir, wato "abin da ke zuwa". Jamusawa ma haka suke kallonsa: Zukunft tasu daga kalmar "zuwa" aka gina ta, kamar toekomst ta mutanen Holan. A Sifen akwai porvenir, a Italiya avvenire.

Mutanen Suwidin su ne suka fi kusa da mu. Suna cewa framtid, wato "lokacin gaba".

Ga inda bambancin ke da amfani. Futur ita ce mushe ke koyarwa wajen juya aikatau, ita ce kuma ake cewa da ango mai jiran gado, futur mari. Amma in ana maganar makomar yaro ko ta ƙasa, avenir aka fi cewa. Ƴan uwanmu da ke Jamus, ku kula: can Futur ta nahawu ce kawai. In makomarku kuke nufi, a takarda ko da baki, Zukunft za ku ce.